Shekarar da Na Ajiye Tsinken Kitso

Har yau akwai masu cewa a cikinku wai ni da Yaya Dije mun taɓa yin gaba, kuma wai a kan gonar Baba ce ta bakin rafi. Da kunnena na ji 'yata Safiya tana gaya wa 'yarta haka a tsakar gida, ta ɗauka barci nake yi. To ku buɗe kunnuwanku da kyau, ku da 'ya'yanku. Ni da Yaya ba mu taɓa sa-in-sa a kan gona ba, gonar ma da ba ta fi a noma kuɓewa a cikinta ba. Abin da ya hana ni zuwa Damari shekarar da mijinta Alhaji Mamman ya rasu, fitsari ne. Ga shi na faɗa, kuma bakina bai tsage ba. Na rubuta ne don kada in mutu a bar ku da labarin ƙarya, jikokina su tashi suna hararar jikokin Yaya a wurin biki.

Kun san ni makitsiya ce, kun tashi kun ga mata cike da rumfar ƙofar ɗakina a Mairuwa. Abin da ba ku lura da shi ba shi ne kitso sana'ar cinya ce. Ke kina kan kujera, mace tana kan tabarma, ta ɗora kanta a cinyarki, hancinta a kan zaninki, tun hantsi wani lokaci har azahar. Duk abin da ke jikinki sai ta shaƙe shi. Saboda haka ban taɓa zama kitso ba sai na yi wanka na turara zanina, kuma ina da baki a kan tsabta, ban musa ba. Mace nawa na kora ta je ta wanke kai kafin in taɓa ta? Har matar mai unguwa na taɓa mayarwa gida, aka yi wata guda ana maganar a bakin rijiya. Yaya ce ta koya mini sana'ar da wannan halin duka, don ita ta raine ni bayan rasuwar Innarmu. Da ta yi aure Damari kuwa, sai ya zama duk Sallah ni ke zuwa in yi mata kitso, ba ta yarda wani hannu ya shiga kanta.

Abin ya fara ne bayan al'ada ta ɗauke mini. Da farko ɗigo ne kawai in na yi atishawa ko dariya mai ƙarfi, na ce a raina wadda ta haihu tara ai dole jiki ya saki. Daga baya sai wani sabon salo ya shigo. Ina zaune lafiya lau, sai fitsari ya taso mini gaba ɗaya ba sallama, in ban tashi a guje ba sai dai in canza zani. Ƙarar ruwa ma ta zama abokiyar gabata: yarinya ta tsiyaya ruwa a buta, ni kuma sai in miƙe. In na isa makewayi kuma abin da zai fito bai taka kara ya karya ba. Na yanka tsofaffin zannuwa na yi ƙunzugu, ina wankewa a ɓoye ina shanyawa a bayan rumbu. Ana cikin haka wata rana ina yi wa Hajiya Kulu shuku, na riga na tashi sau ba adadi ina ce mata tukunya nake dubawa, sai ta ɗago kai ta ja hanci.

"Asabe, akuyar nan taku a rumfar nan take kwana ne? Zarni nike ji."

"Ita ce kau, Hajiya," na ce. "Yau zan sa a ɗaure ta a baya."

Akuyar tana can bakin garka tana tuƙa, ba ta san an ɗora mata laifi ba. Na gama kitson a gurguje. Hajiya Kulu na fita na naɗe tsinkena da mataji a tsumma na cusa a ƙasan adaka. Washegari na ce wa mata yatsuna ne suka riƙe, sanyin ƙashi ya kama ni. Suka yi ta kawo mini man zafi, ni kuma ina karɓa ina godiya da yatsuna lafiyayyu.

Daga nan na zama likitar kaina, kuma likitar banza. Na yi lissafi irin na mai wayo: ruwa ne ke fita, to a daina zuba shi. Na rage shan ruwa har sai na yini ban kai moɗa baki ba sai don kurkure. Ƙishirwa kuwa na san maganinta tun ina yarinya, don na ga masu noma suna kashe ta da goro. Da can ɓari ɗaya ke isata a yini, sai na koma ina ƙulle goro a bakin mayafi, wannan na ƙarewa ina ɓare wancan. Da safe in sha shayi baƙi mai kauri don ya riƙe ni. Ga jiƙe-jiƙen maganin sanyi da nake aika a sayo mini ranar kasuwa. Abin sai ya ƙara lalacewa. Fitsarin ya yi ja, ya yi wari, yana zafi, bayan gida ya yi tauri, ni kuma na ce ashe ban rage ruwan sosai ba ne. Na daina zuwa suna, na daina zuwa biki, na ƙaura daga shimfiɗar babanku na ce zafi nake ji. Ya dube ni kawai ya ɗauki buzunsa ya fita masallaci.

A wannan hali nake aka bugo waya cewa Alhaji Mamman ya rasu. Wallahi na shirya. Na yi ƙunzugu biyu, na ɗauki mayafi, muka tafi bakin titi da babanku da Babangida, ɗana na fari. Amma kun san yadda hanyar nan ta zama a shekarun nan saboda 'yan bindiga. In mota ta wuce Dandume ta shiga daji, direba ba ya tsayawa ko uwarsa ce ta ce ya tsaya, kuma ba mai ganin laifinsa. Muna zaune ana jiran mota ta cika, na sauka na zaga bayan wani kango, na dawo, na sake sauka. Da na dawo na biyu sai na dubi matan da aka matse mu tare, cinya da cinya, na tuna zaman makoki: ɗaki cike da mata, tabarma ɗaya, buta ɗaya, ni a gefen Yaya kowa na zuwa gaishe ni. Sai na ce jiri nake ji, ba zan iya tafiya ba. Mota ta tashi da su, ni na koma gida na rufe ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar Baba. Aka yi uku ban je ba, aka yi bakwai ban je ba. Yaya ta kira a waya, na yi mata gaisuwa a gajarce na ce jiki ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta kashe, ba ta sake kira ba. Mutane kuwa ba sa barin rami ba su cike shi da magana ba, nan aka haifi zancen gona.

Rabi matar Babangida ce ta je addu'ar arba'in a madadina. Da ta dawo ta shigo ɗakina ta durƙusa nesa da ni kamar yadda ta saba, kanta a ƙasa.

"Inna, Gwaggo Dije ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya maki kitson da kika yi mata da Sallah shi ne a kanta har yanzu. Ta ce ranar da za ta fita takaba ba mai taɓa mata kai sai ke. In ba ki zo ba, haka za ta fita da shi, kuma ta san ba ta da ƙanwa."

Na san Yaya. Ba ta yin rantsuwa, amma in ta faɗi magana ta zauna. Na ci gaba da tauna goro. Rabi ba ta tashi ba. Yarinyar da ko sunana ba ta iya faɗa, ko abinci ba ta ci a gabana, sai na ji ta ce:

"Inna, ki gafarce ni. Ni ke kwashe maki shanyar bayan rumbu in hadari ya taso. Ban gaya ma kowa ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan yi mata tsawa, sai ta ci gaba da sauri, ta ce ita ma bayan haihuwar tagwayenta ta yi ta ɗiga, a wurin awo aka koya mata abin da za ta yi har ya tsaya. Ta ce cuta ce kamar kowace, tana da likita. Na ce mata ni ba yoyon fitsari gare ni ba, ba za a kai ni a kwantar a tsakiyar yara ana kallo ba. Ta ce ai iri-iri ne, ba a sani sai an duba. Na kore ta. Amma da yamma da babanku ya shigo, na daure na gaya masa, ina kallon bango. Ya sauke wata ajiyar zuciya.

"Wanga shi ne duka? Ni kau na ɗauka gajiya kika yi da ni. Wata da watanni ina bincikar kaina ko mi na yi maki."

Ya ce gobe Babangida ya kai mu asibiti a Funtuwa, ni da Rabi. Ya kuma ce batun sallah da nake ta fargaba, mai lalura tsarki take yi ta sake alwala a kowace sallah, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Na ji sanyi a raina, na kuma ji haushinsa kaɗan da abin bai ba shi tsoro ba.

Likitar da muka samu mace ce, ba ta wuce sa'ar Safiya ba. Na shiga da shirin jin kunya, sai na tarar tambayoyi take yi kamar mai cinikin hatsi. Haihuwa nawa? Yaushe al'ada ta tsaya? Yana zuba ne in kin yi tari, ko tasowa yake yi ki kasa riƙewa? Na ce duka biyun, amma na biyun ne ya kashe mini kasuwa. Ta sa aka gwada fitsarina, aka ɗibi jini a yatsa don a duba suga. Ta kwantar da ni ta duba ko mahaifa ta sauko, ta ce in yi tari tana kallo. Bayan na zaga kuma aka ɗora mini na'urar hoto a mara, don a ga ko fitsari na saura a ciki. Da muka koma ta zaunar da ni ta ce ba ni da suga, ba ni da ɓula irin ta masu yoyon fitsari, mahaifa na wurinta. Akwai ƙwayar cuta a fitsarin, wannan magani zai kashe ta. Babban abin shi ne mafitsarata ta zama mai gaggawa, tana matsewa tun ba ta cika ba, naman da ke riƙe ƙofar kuma ya yi laushi. Tana cikin bayani idonta ya sauka kan ƙullin bakin mayafina.

"Mama, mene ne wannan?"

"Goro ne, ɗiyata. Shi ke kashe mani ƙishirwa, tunda na bar shan ruwa."

Ta ajiye biro ta riƙe baki. Ta ce goro da shayi su ne manyan masu tsokanar mafitsara, su ke ingiza ta. Rashin ruwa kuma shi ke sa fitsari ya yi kauri ya riƙa cin ta daga ciki, ga taurin bayan gida yana danne ta. Wato duk watannin nan da nake ganin ina kashe wuta, ni ce mai hura ta da bakina. Rabi ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na motsi. Na ce ta yi dariyarta a fili, na yafe mata.

Aka ba ni maganin ƙwayar cutar, da wata ƙwaya mai kwantar da mafitsara wadda ke busar da baki. Aka ce in sha ruwa da rana kamar kowa, kaɗan-kaɗan, in rage da yamma, in yawaita ganye a miya. Wata malamar asibiti mai barkwanci ta koya mini matsi. Ta ce in ɗauka ina tsakiyar surukai iska ta taso mini, yadda zan matse in riƙe ta, to haka zan riƙa yi, in riƙe in saki, safe da rana da yamma, ba tare da na ɗauke numfashi ba. In fitsari ya taso kuma kada in zabura. In tsaya cak, in matse, in jira ya lafa, sannan in tafi a hankali, kuma kullum in riƙa ƙara ɗan jinkiri tsakanin zagawa da zagawa. Likita ta ce kada in sa ran ganin canji a mako guda, abin na wata biyu ne ko uku. Na lissafa abin da ya rage wa Yaya a takaba, na ga da ƙyar ne.

Goro ne ya fi ba ni wuya, ban ɓoye muku ba. An ce in rage a hankali, ni kuma da zafin kaina na yar da shi rana ɗaya. Kaina ya yi ta sarawa, na zama masifaffiya, har kaji sun san ba lafiya a gidan. Wanda ya tuna lokacin da na jefi ɗana Sani da murfin kwano a kan ƙofa da ya bari a buɗe, to ga dalili, ya yafe mini. Har yau in aka raba goron ɗaurin aure aka miƙo mini, sai na ji yawu ya tsinke, in karɓa in sa albarka in ba na kusa da ni. Sauƙin kuma bai zo a miƙe ba. Zafin fitsarin ya tafi da wuri, warin ma haka. Amma akwai ranar da na ga kamar na warke, na je suna maƙwabta, aka ba da labari na tuntsire da dariya, sai ga ni ina neman hanyar gida. Na dawo na ce na daina, duk ƙarya ce. Rabi ta bar ni na huce, sannan ta zo ta zauna a tabarma ta zare ɗankwali.

"Inna, kaina ya tsufa. In ba za ki yi mani ba, sai in tahi wurin Lantana."

Lantana da ko layi ba ta iya fitarwa! Na ce ta ɗauko mini adaka. Ranar na fara ɗora kan surukata a cinyata, abin da ba a saba gani ba a gidanmu, muka yi rabin kai kafin in tashi. Mako na zagayowa muka yi kai guda. Da muka koma asibiti likita ta ce mu ci gaba a haka, ta kuma ce ƙwayar ba ta har abada ba ce. Ban ce muku na koma yarinya ba. Har yanzu in atishawa ta zo mini ba shiri nakan ɗiga, kuma in zan yi tafiya nakan sa audugar da ake sayarwa a kemis. Amma ni ke gaya wa mafitsarata lokaci, ba ita ke gaya mini ba.

Ranar fitar takaba muka kama hanya da sassafe. Na zaga kafin mu shiga mota. Muka wuce Dandume, direba ya taka, kowa ya yi tsit yana addu'a. Mutane na tsoron daji, ni tsorona biyu ne, kuma Allah ya raba ni da duka. Muka isa Damari zanina a bushe. Na tarar da Yaya ta yi wanka tana zaune a ƙofar ɗakinta, mata kewaye da ita, ga lalle an kwaɓa, ga sabon zani a ninke. Ta rame har wuyanta ya fito. Na durƙusa na yi mata gaisuwar da ta kamata in yi tun watanni huɗu. Ta amsa ba ta dube ni ba. Sai ta ce wa matan su ba mu wuri, ta zame daga kujera ta zauna a tabarma, ta cire kallabi. Kitson ya cukurkuɗe, furfura ta cinye shi. Na zauna, ta ɗora kanta a cinyata, na fara tsifa da man shanu. A nan na gaya mata komai, tun daga akuya har goro. Ta ɗago a fusace.

"Fitsari? Don fitsari kika bar ni ni kaɗai cikin makoki? Ke Asabe, bayan nan nawa sau nawa kika jiƙa shi ina goye da ke? Wa ya wanke? Ni za ki ji ma kunya?"

"Na yi wauta, Yaya."

"Kin yi kau. Kama mani kai, kada ki ja da ƙarfi."

Ta mayar da kanta. Na ji ɗumin hawayenta ya ratsa zanina, na bar ta, ni ma ina share nawa da kafaɗa. Na taje, na tsaga, na fara kamawa. Ban kai rabin kai ba na ji nauyinta ya ƙaru, numfashinta ya canza. Barci ya ɗauke ta. 'Yarta Hajara ta leƙo, ta tsaya riƙe da labule, ta raɗa mini cewa tun rasuwar Alhaji ba su ga ta yi barci irin wannan ba. Na yi mata alama ta tafi. Na ƙarasa kitson a hankali, na ajiye tsinke, na zauna. Can wata yarinya ta fara juye ruwa a randa kusa da mu, sai na ji abin ya taso mini da ƙarfinsa na da. Na dafa kan Yaya, na matse, na ja numfashi, na jira. Ya yi ta ƙwanƙwasa, ya gaji, ya koma. Ban motsa ba. Inuwa ta bar mu ta dawo, ƙafata ta yi tsami, mata na leƙowa suna komawa, lallen ya fara bushewa a kwano. Sai da aka kira la'asar ta buɗe ido, ta shafa kanta ta ji layukan.

"Kin gama?"

"Tun ɗazu."

"To mi ya hana ki tashe ni?"

"Ba inda za ni, Yaya."